Yadda Ake Karɓar Riƙon Yaro a Kumasi

Yaron da zama da iyayensa ya zame masa haɗari, kada ku ɗauke shi a ɓoye, ko da ɗan maƙwabcinku ne a Aboabo ko Asawase. Ku kai rahoto ofishin Jin Daɗin Jama'a na gundumarku. In akwai duka ko fyaɗe, a haɗa da 'yan sandan DOVVSU, wato sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida.

Dokar Yara ta Ghana ta 1998 ta ba jami'in Jin Daɗin Jama'a ikon kai yaro wurin tsira na 'yan kwanaki kawai. Daga nan kotun iyali ce ke yanke inda zai zauna, umarninta kuma ba ya wuce shekara 3.

Mai son riƙo sai ya haura shekara 21. Zai cike takardar neman izini, ya kawo shaidar likita da ta 'yan sanda, jami'i ya zo ya duba gida, sannan a ba shi horo.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mai da yaro ɗan aike, a sa shi talla a kasuwar Kejetia alhali 'ya'yan gida suna makaranta. Wannan zalunci ne. Kada kuma a canza masa sunan mahaifi, ko a raba shi da ƙannensa, domin galibi gida ake fatan ya koma.