Kurakuran da sababbin ɗaliban jami'a ke yi a rubutun asaimen

Duk farkon zango ƙannena da suka samu gurbin karatu sukan kawo mini asaimen in duba musu kafin su miƙa, kuma na gaji da ganin kurakurai iri ɗaya. Ba rashin ƙwaƙwalwa ke jawo su ba. Yaro ya fito daga sakandare inda hadda ke kai mutum ga cin WAEC da NECO: ka riƙe bayanin malami, ka juye shi a takarda. A jami'a kuwa malami so yake ya ga abin da kai ka fahimta, da hujjar da ka jingina da ita, da inda ka samo hujjar.

Mafi muni shi ne kwafe maganar wani ba tare da ambaton mai ita ba. Wannan ya taɓa ja mini asara babba. A aji ɗaya a jami'a na ɗauko sakin layi daga wani littafi na jera su yadda suke, a zatona tun da marubucin ya fi ni sani, maganarsa ta fi tawa dacewa da takardar. Malamin ya ba ni sifili, kuma makin aikin zango a yawancin jami'o'inmu 30 ne ko 40 cikin 100, don haka sai da na maimaita darasin. Har yau in na ga ɗalibi na shirin faɗawa ramin nan raina ɓaci yake yi. Malam, sata ce! Kuma canza kalma biyu-uku a jimla ba ya wanke ka. Manhajar Turnitin tana gwada rubutunka da abin da ke intanet da ayyukan da aka riga aka miƙa, malamin da ya daɗe yana duba takardu ma ba ya buƙatarta, da ya ga Turancinka ya tashi sama farat ɗaya ya san ba naka ba ne. Abin da ya fi ba ni takaici, mu ne muka taso muna jin malamanmu ba sa kawo hadisi sai sun ce Bukhari ne ya ruwaito ko Muslim. Me ya sa a boko za mu ga kamar ambaton mai magana ragi ne?

Ga yadda nake yi, ban ce dole kowa ya bi ba. In na karanta shafi, sai in rufe littafin, in faɗa wa kaina abin da ya ce da Hausa, sannan in rubuta da Turancina. In na kasa faɗa da Hausa, to ban gane ba, sai in sake karantawa. Sunan marubuci da shekara da lambar shafi kuwa nan take nake rubuta su a ƙaramin littafi, don wanda ya bari sai daren miƙawa ba zai tuna ba. Tsarin APA, ɗaya daga cikin hanyoyin ambaton inda ka samo magana, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, suna da shekara yake buƙata a cikin rubutu, da lambar shafi in ka ɗauko magana kalma da kalma. Wasu sassan, musamman na adabi, wani tsarin mai suna MLA suke bi, saboda haka ka tambayi sashenku.

Tun da ChatGPT, manhajar nan da ke amsa tambaya da yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022 abin ya ƙara sabon salo. Yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara, alhali babu su a duniya. Duk abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, ko a laburare ko ta Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, kada ka sa shi a takardarka.

Na biyu shi ne barin tambaya a amsa wata. An ce ka kwatanta mulkin mallakar Ingila, wanda ya bi ta hannun sarakuna a Arewacin Najeriya, da na Faransa a Nijar. Sai ka fara da tarihin Lugard, ka gangaro haɗewar Kudu da Arewa a 1914, ka cika shafi uku, Faransa ba ta shigo ba sai a layin ƙarshe. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba ka kwatanta komai ba. Ina maganar ikon da aka bar wa sarki a nan da wanda aka rage masa a can? Ina haraji, ina kotunan alkalai? Ku daina tunanin yawan shafi ne ke kawo maki. Ni kafin in fara, nakan rubuta amsata a jimla ɗaya a saman wata takarda, kuma duk sakin layin da bai taimaki jimlar nan ba sai in cire shi, ko da na sha wuya kafin in samo shi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka buɗe da cewa tun farkon duniya ɗan Adam yake kaza, shiga maganarka kai tsaye. Manyan kalmomin da kai ma ba ka san ma'anarsu ba ba sa burge kowa. Taƙaita kalmomi irin na hirar WhatsApp ba shi da wuri a nan. Wikipedia wurin fara nema ce, ka bi littattafan da ta ambata ka karanta su da kanka. In kuma ka kai rubutun hannu shagon buga takardu, ka zauna ka karanta kafin a fitar, domin mai bugawa bai san darasinku ba, kuma kuskurensa a kanka za a rubuta shi.