Kasala da mutuwar jiki: kurakuran da muke yi wajen neman ƙarfi

Daga abinci ƙarfi yake fitowa, amma ba kai tsaye ba. Tuwon da ka ci sai ya narke ya zama sukari, jini ya kwashe shi, sinadarin insulin ya shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki, a can a ƙona shi da iskar oksijin da jini ya ɗauko daga huhu. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan hanya, jiki zai mutu, ko da kuwa ciki a cike yake.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ƙarin ruwa. A nan Zariya, daga Tudun Wada har Sabon Gari, mutum na jin kasala sai ya nufi kemis ya ce a ɗaura masa leda biyu. Ledar ruwan sukari da aka saba ɗaurawa, mai rabin lita, giram 25 na sukari ne a cikinta, kimanin ƙaramin cokali 6. Kofin kunu ya fi ta riƙe ciki. Ga haɗarin shigar ƙwayar cuta ta allura, ga wahalar da ruwan ke jawo wa mai ciwon zuciya ko ƙoda. Muddin kana iya sha da baki, ka sha, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Sai haɗin lemon malt da madarar gwangwani wai don ƙarin jini. Sinadarin ƙarfe jini yake buƙata kafin ya iya ɗaukar oksijin, wannan haɗi kuwa galibinsa sukari ne. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo su ne abin nema. A haɗa da lemon zaƙi ko tumatir, a kuma jinkirta shayi bayan abinci, domin yana rage shigar ƙarfen cikin jini. Mai juna biyu da macen da jinin al'adarta ke zuba da yawa su je a auna jininsu. Maleriya da tsutsar ciki ma suna cinye jini.

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo lokacin jarrabawa, da masu tuƙa Keke, sun fi dogara da lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa ɓoye gajiya yake yi, kuma yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa na yamma ke hana barcin dare. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Tramadol kuwa ƙarshensa jaraba ne da farfaɗiya.

Kada kuma a riƙa ɗora wa "taifod da maleriya" kowace kasala. Idan ta wuce mako biyu, ko ta zo da yawan fitsari, ƙishirwa da rama, ko haki da farin ido, a je asibiti, ko na Gambo Sawaba ko asibitin koyarwa na Shika, a gwada sukari da yawan jini kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya.