Yadda Ake Auna Bugun Zuciya da Yatsu Biyu

Duk sanda zuciya ta matse, tana tura jini cikin manyan jijiyoyi da ƙarfi, sai bangon jijiyar ya ɗan buɗe ya koma. Wannan motsin ne ake ji a ƙarƙashin fata, kuma da shi za ka san sau nawa zuciyarka ke bugawa a minti ɗaya. Agogo mai nuna daƙiƙa kawai kake buƙata, na waya ma ya isa.

Da farko ka zauna ka huta kamar minti 5. Kada ka auna kana gama hawa bene, ko bayan shan kofi ko sigari, ko ranka na ɓace, domin duk suna hanzarta bugun. Lokacin da ya fi shi ne da safe kafin ka sauko daga gado.

Sai ka juya hannunka, tafin yana kallon sama. Ka ɗora yatsan manuni da na tsakiya na ɗaya hannun a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa, cikin ɗan kwarmin da ke tsakanin ƙashi da tauraran jijiyoyin nan da ke tasowa idan ka dunƙule hannu. Ka danna a hankali. A nan aka fi yin kuskure: wani zai danna iya ƙarfinsa har ya tare jinin, sannan ya ce bai ji komai ba. Sassauta, ka ɗan matsa sama ko ƙasa, za ka ji yana taɓa yatsunka kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Babban yatsa kam a bar shi. Yana da nasa bugun, kana iya ɓugewa da ƙirga naka alhali na wani kake aunawa.

In wuyan hannu ya ƙi, ka koma gefen maƙogwaro, ƙasan muƙamuƙi. Amma gefe ɗaya kaɗai, kuma ban da matsawa. Jijiyoyin wurin su ke kai jini ƙwaƙwalwa, danne su biyun a tare na iya jawo jiri ko suma.

Da ka kama bugun, ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In ka sami 36, bugunka 72 ke nan.

Ga babban mutum da ke hutawa, daga 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. Masu motsa jiki sosai sukan sauka zuwa 50 ko ƙasa, kuma lafiyarsu ƙalau, don zuciyarsu na tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Jariri kuwa nasa ya kan haura 120, uwa kada ta firgita. Zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki suna ɗaga shi, barci yana saukar da shi.

A ganina, tsarin bugun ya fi adadin muhimmanci, ko da yake mutane adadin suke bi. Ka lura: tazarar daidai take, ko yana tsallake, ya ruga, ya dakata? In ba ya tafiya daidai, ka ƙirga minti guda cur, ninkawa za ta yaudare ka. Tsallake ɗaya jefi-jefi yana faruwa ga masu lafiya da yawa, amma bugun da kullum yake a hargitse, musamman ga dattijai, yana buƙatar likita ya duba, domin wani nau'insa na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ka riƙa rubuta abin da ka samu kowace safiya har mako guda, ka san naka na yau da kullum. In yana wuce 100 a kai a kai kana zaune, ko ya faɗi ƙasa da 60 tare da jiri da kasala, je ka ga likita da takardar a hannu. In da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko suma, bar ƙirga, a tafi asibiti nan take.

Kuma wannan ba awon hawan jini ba ne. Bugu na iya zama 70 cif alhali jinin ya hau. Shi sai da na'urarsa da ake ɗaurawa a damtse.