Yadda ake gano sabon nau'in zanzaro marar fiffike

Mai neman ƙananan zanzaron nan da ke saka ƙwai cikin ƙwan wasu ƙwari, sai ya ajiye raga ya durƙusa. Marasa fiffike a ƙasa suke, cikin ruɓaɓɓen ganye, kuma da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba.

Da farko, kwashi ganyen da ya fara ruɓewa a gindin bishiya, ka tankaɗe da rariya. Nan take rubuta wuri da kwanan wata da fensir, don tawadar biro na iya wankewa cikin itanol, barasar da ake adana ƙwari a ciki.

Sai ka zuba abin da ka tankaɗe a mazurari mai raga, kwan fitila a sama, kwalbar itanol a ƙasa. Zafi da bushewa za su yi ta kora ƙwarin har su faɗa kwalba. Antonio Berlese ɗan Italiya ya ƙirƙiro dabarar a 1905, Albert Tullgren ɗan Sweden ya ƙara mata fitila a 1918. A bar fitilar a kunne na kwanaki.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake shan wuya. Matan zanzaron da ake kira Gelis sak tururuwa, sai dai ƙahon tururuwa yana da lanƙwasa kamar gwiwar hannu, nasu kuwa babu. Macen wani zanzaron da ake kira Baeus dunƙulalliya ce, a ƙwan gizo-gizo take saka nata.

Ni dai na fi son a kiwata su. Samo jakar ƙwan gizo-gizo ko na wani ƙwaro, sa a kwalba, toshe da auduga, ka jira abin da zai fito. Ta haka za ka san ƙwaron da suke rayuwa a kansa, ka kuma samu mace da namiji tare, domin sau da yawa ba sa kama da juna ko kaɗan. Dubi Dicopomorpha echmepterygis da Edward Mockford ya bayyana a 1997: macen na da fiffike, namijin ba fiffike ba ido, tsawonsa milimita 0.139, ƙwaro mafi ƙanƙanta da aka sani.

Daga nan kwatanta naka da bayanan danginsa da samfuran gidajen adana kayan tarihi, a kuma karanta guntun ƙwayar halittarsa da ake kira COI, wanda da shi ake bambance nau'o'in dabbobi. In ya tabbata sabo ne, ware guda ɗaya ya zama samfurin asali, ka ajiye shi a gidan adanawa, ka raɗa masa suna da Latin, ka buga bayaninsa a mujallar kimiyya. In mujallar ta intanet ce kaɗai, sai an yi wa aikin rajista a ZooBank, kundin sunayen dabbobi na intanet, kafin sunan ya karɓu.