Darasi na Bakwai: Ƙarin Amino Asid da Amfaninsa ga Jiki

Idan mutum ya ci abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, ciki da hanji sukan narkar da shi zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira amino asid. Jini ne yake kwashe su ya kai ko'ina cikin jiki, inda ake sake harhaɗa su domin gina tsoka da fata, da warkar da rauni, da haɗa sinadaran da ke yaƙi da cuta. Iri 20 ne jiki yake aiki da su, kuma yadda mai koyon rubutu yake jera haruffa kaɗan ya fitar da kalmomi masu yawa, haka jiki yake jera su ya fitar da furotin iri-iri. Jiki yana iya haɗa 11 da kansa, amma sauran 9 dole ne su shigo ta abinci, kuma idan ɗaya ya yi ƙaranci aikin ginin yakan ja baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana buƙatar kimanin giram 0.83 na furotin a kullum ga kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50. Ƙwai da madara da nama da kifi suna ɗauke da dukkan taran nan. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, amma idan aka ci su biyun a yini guda kowane yakan cike giɓin ɗan'uwansa. Saboda haka mai lafiya da ke cin abinci yadda ya kamata ba kasafai yake samun wata riba daga ƙarin amino asid, wato garinsa ko ƙwayarsa da ake sayarwa, ba.

Inda ƙarin yake da amfani shi ne wurin wanda abinci ya kasa isarsa. A duba dattijon da haƙoransa suka zube, wanda yake barin rabin abincinsa a kwano, yake dafa bango kafin ya miƙe, hannunsa kuma ya kasa murɗe murfin kwalba. Tsufa yana rage tsoka a hankali, kuma jikin tsoho ba ya amsa furotin da sauri kamar na matashi. Ga irin wannan mutum, cokali guda na garin da aka dama a kofin ruwa ya fi sauƙin haɗiya, kuma lusin da ke ciki, wanda yake ɗaya daga cikin taran nan, yana zaburar da tsoka ta soma gini. Sai dai, kuma wannan batu ne da ake yawan mantawa, amfanin ya fi bayyana idan aka haɗa da motsa jiki gwargwadon hali. Haka ma wanda ya daɗe a kwance bayan tiyata ko doguwar jinya zai iya amfana.

Akwai kuma cututtukan da likitoci suke amfani da amino asid a kansu kai tsaye. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani amino asid mai suna gulutamin a matsayin maganin rage yawan tashin ciwon sikila ga masu shekara 5 zuwa sama. Ana kuma ba wasu masu ciwon hanta mai tsanani haɗin amino asid da ake rubuta wa BCAA a jikin gwangwani, domin rage ruɗewar tunani da ciwon yake jawowa. Duka biyun magani ne da likita yake rubutawa ya kuma bibiya. Masu ɗaga ƙarfe su ma suna shan BCAA, amma iri uku kacal ke cikinsa, kuma tsoka ba ta ginuwa sai da taran gaba ɗaya.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk abin da ake kira ƙarin abinci ba ya cutarwa. A shekarar 1989 wani gurɓataccen ƙarin amino asid mai suna tiriftofan da aka sayar a Amurka ya kwantar da mutane fiye da 1,500 da matsanancin ciwon tsoka, wasu suka rasu. Ko tsarkakakke ne, tiriftofan yana iya zama haɗari idan aka sha tare da wasu magungunan ciwon damuwa. Mai ciwon ƙoda kuwa, ƙodarsa ce ke tace ragowar furotin, don haka ƙari ba bisa shawara ba yana iya ƙara mata wahala. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada su sha sai ma'aikacin lafiya ya yarda.

Wanda yake son gwadawa ya fara da karanta rubutun jikin gwangwanin a tsanake: ya nemo sunayen sinadaran da ke ciki, da yawan giram a kowane awo, da ranar da zai lalace, da lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasarsa. Sannan ya ɗauki gwangwanin, tare da duk magungunan da yake sha, ya nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ya buɗe shi.