Yadda Ake Rubuta Shirin Barkwanci Na Ranar Da Ta Ƙi Wucewa

Daga cikin dabarun da marubutan shirye-shiryen talabijin na almara suke yawan komawa gare su akwai labarin mutumin da ya kwanta barci ya tashi ya tarar da cewa jiya ce ta dawo, da mutanenta da maganganunta da ɓarnarta, kuma shi kaɗai ne ya san an taɓa yin ta. Fim ɗin Groundhog Day na Amurka, wanda Harold Ramis ya ba da umarni, aka kuma fitar a 1993, shi ne ya fi fito da wannan salo fili, kuma tun daga lokacin shirye-shirye masu dogon zango da dama sun ware kashi guda domin gwada shi. Mai kallo yana ganin abin kamar mai sauƙi ne tunda maimaici ne, amma a wajen marubuci yana daga cikin ayyukan da suka fi buƙatar lissafi, domin dariyar da ake nema ba daga sabon abu take fitowa ba. Tana fitowa ne daga abin da mai kallo ya riga ya haddace yake jiran dawowarsa.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka gina ranar ita kanta kafin ka rubuta kalma ɗaya ta barkwanci. Ka ɗauki takarda ka tsara ta sa'a bayan sa'a kamar jadawalin tashin jirgi. A misali, da ƙarfe 7:00 maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman aron tsani. Da 7:20 jarumi ya fito, wata mata a saman bene ta watso ruwan wanki ya sauka a kansa. Da 8:00 abokin aikinsa ya ba shi wani labarin ban dariya wanda ba ya ba kowa dariya. Da tsakar rana maƙwabcin nan ya faɗo daga kan tsanin. Da yamma kuma jarumin ya yi cacar baki da ƙanwarsa a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Abubuwa biyar ko shida irin waɗannan sun wadatar, kuma ya kamata kowannensu ya kasance abin da ido yake gani ko kunne yake ji, wanda za a iya gane shi cikin daƙiƙa biyu. Wannan jadawali shi ne dokarka, kuma duk abin da jarumin bai sa hannu a cikinsa ba dole ya faru a daidai lokacinsa da irin kalmominsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka nan kashin da zai yi armashi tun daga zagayen farko, wato karon farko da aka nuna ranar, ake gane shi, duk da cewa a wannan zagaye mai kallo bai san ana shuka masa komai ba.

Sai kuma alamar wayewar gari. A Groundhog Day agogo ne yake juyawa zuwa 6:00 rediyo ya saki waƙa guda kullum. A wani kashi na shirin Xena: Warrior Princess da aka nuna a 1997, carar zakara ce take tayar da jarumar, har takaici ya sa wata safiya ta hallaka zakaran. Ka zaɓi alamarka ta zama gajera kuma mai ɗan ban haushi, domin za a ji ta sau goma ko fiye, kuma yadda fuskar jarumi take sauyawa duk lokacin da ya ji ta wani labari ne mai zaman kansa.

Tun da shirin na almara ne, kana da damar kawo tsafi ko la'ana ko wata halitta da ta ɗaure ranar, sai dai wajibi ne ka yanke wa kanka ƙa'idoji tun da wuri. Mene ne yake mayar da ranar baya, barci ne ko mutuwa ko bugawar ƙarfe 12:00 na dare? Wane ne yake tunawa? Idan jarumi ya ji rauni, zai tashi da shi ko zai tashi garau? Ba sai ka zayyana wa mai kallo dalilin komai ba, domin Groundhog Day bai taɓa faɗin abin da ya jawo maimaicin ba kuma hakan bai rage shi da komai ba. Abin da mai kallo ba ya yafewa shi ne karya ƙa'idar da ka kafa da hannunka, kamar a ce wasiƙar da jarumi ya rubuta jiya ta wayi gari a aljihunsa alhali an nuna cewa komai yana gogewa.

Inda marubuta da yawa suke tuntuɓe shi ne tsawon zagaye. Kashin da ake ba shi rabin sa'a a tashar da take sa tallace-tallace yakan tsaya a kusan minti 22, na sa'a guda kuma a kusan minti 42, sannan shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kimanin minti ɗaya a allo. Idan ka ba zagayen farko minti shida, na biyu kada ya wuce uku, domin aikinsa kawai shi ne ya nuna ruɗewar jarumi. Na uku shi ne inda ya fara gwada sauya abubuwa, kuma a nan ne dariya ta gaske take farawa. Ya san ruwan wanki zai zubo da 7:20, sai ya kauce gefe yana murmushin wanda ya ci nasara, ya taka cikin kwata. Washegari ya fito da laima, iska ta fizge ta. A zagaye na biyar ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ƙirga ɗaya zuwa uku da yatsunsa, ruwan ya zuba a gabansa, ya tsallake ba tare da ya ɗaga kai ba. Daga nan ba ka bukatar nuna fitowar gaba ɗaya. Ƙarar zubar ruwa da jiƙaƙƙiyar rigar wani bawan Allah da jarumin ya tura gaba sun isa. Kowane dawowa ya zo da ƙari ko ragi, kuma duk fitowar da ta dawo ba tare da wani sauyi ba, a ganina, ɓata lokacin mai kallo ne.

Sauyin da ya fi muhimmanci yana cikin jarumin. Da farko yana musu, sannan ya firgita, sannan ya gane cewa babu gobe balle hisabinta, sai ya shiga yin abin da ya ga dama: ya faɗa wa shugabansa na wurin aiki abin da ya daɗe yana ci masa rai, ya ƙarasa wa abokin aikinsa labarin ban dariyar tun kafin ya kai rabi, ya amsa tambayoyin mutane kafin su buɗe baki. Wannan sashe shi ne masu kallo suka fi so, kuma ya dace a jera shi cikin gajerun hotuna masu bin juna da sauri. Amma ka ba shi abokin magana. Jarumin da yake fama shi kaɗai yakan koma yi wa kansa bayani, wanda hakan yake kashe barkwanci. Ka sa ya zama dole ya shawo kan mutum ɗaya kowace rana, kuma bayanin nasa ya riƙa gajarcewa, daga jawabin minti biyu har ya koma nuna taga da yatsa daidai lokacin da maƙwabci yake faɗowa daga tsani.

Ina ganin kashin da ya tsaya a dariya kaɗai ba ya zama a zuciya. A kashin shirin Supernatural mai suna Mystery Spot na 2008, Sam yana wayar gari a ranar Talata guda fiye da sau ɗari, kuma kowace rana yayansa Dean yana mutuwa ta wata hanya mai ban dariya, amma abin da yake ƙarƙashin dariyar shi ne tsoron rabuwa da ɗan'uwa. Ka nemi irin wannan nauyi a cikin jadawalinka. A misalinmu cacar bakin yamma ce, wadda jarumin ya yi ta tsallakewa yana ganin ba ita ce matsalar ba, ya ɓata zagaye ashirin yana ceton maƙwabci da gyara al'amuran ofis. Mabuɗin fita ya kasance abin da aka nuna tun a mintunan farko, kuma ya buƙaci jarumin ya yi amfani da duk abin da ya koya, ta yadda zagayen ƙarshe zai gudana a jere: ya kauce wa ruwa, ya yi wa abokin aiki dariyar da ya daɗe yana nema, ya riƙe tsani, sannan ya isa wurin ƙanwarsa da wuri ya zauna ya saurare ta.

A wajen ɗauka, ka rubuta lambar zagaye a saman kowace fitowa, domin ba a jere ake ɗaukar shiri ba. Za a kafa kyamara a bakin ƙofa a ɗauki dukkan fitowar bakin ƙofa a yini ɗaya, don haka ɗan wasa yana bukatar sanin ko yana zagaye na biyu ne ko na goma sha biyar. Mai kula da ci gaban shiri ya ɗauki hoton komai, daga inda aka ajiye kofi zuwa maɓallin rigar da ba a ɓalla ba, kuma masu wucewa a bayan fage su riƙa takawa a kan ƙirga ɗaya. Ka tanadi riguna iri ɗaya da yawa saboda fitowar ruwa. Mai ba da umarni yana iya sauya kusurwar kyamara daga zagaye zuwa zagaye don kada ido ya gaji, amma hoton farkawa ya fi kyau a bar shi a kusurwa ɗaya tun daga farko, domin a safiyar ƙarshe, lokacin da agogo ya nuna 7:00 ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba, mai tace hoto ya bar shirun ya ɗauki daƙiƙa huɗu ko biyar kafin jarumin ya buɗe ido.