Ku riƙa tafiya da ƙaramin madubi

Jama'a, masu zuwa gandun daji da kaka ɗaukar hoton laimar kwaɗi, ku saka ƙaramin madubi a aljihu.

Ajiye shi a ƙasa, gefen gindinta, ka ɗan karkata shi. Sai ka ɗauki ƙasan hular ta cikin madubin. Ba tsugunawa, ba kwanciya a laka.

Dalili? Masu tantancewa a iNaturalist, manhajar da ake ɗora hotunan halittu don a gano sunayensu, ƙasan suke dubawa: layi-layi ne ko ƙananan ramuka. Hoton sama kaɗai sau da yawa ba ya isa, har na taɓa komawa daji saboda haka.

Dabarar ba ta aiki in hular ta manne da ƙasa. Da sassafe kuma raɓa na rufe madubin, sai ka goge tukuna.

Kuma don Allah kada ka ci don manhaja ta faɗi sunanta.